Mai Gadin da Gara Ta Ci

Ranar Laraba, bayan la'asar,
ina goge ƙafar kujera a rumfata ta Na'ibawa,
Ɗanliti direba ya tsaya a bakin kwata,
ya fito da tsohuwa, uwar Wen na Kantin Kwari.
Ta rungumo wani abu cikin jan tawul
kamar mai kai jinjiri asibiti.

Ta kwance shi a teburina, tsakanin zarto da kwalbar gam.
Tsawonsa taƙi guda, ko da ɗan ɗori.
Ido waje, ya yashe haƙora,
hannu shida, ɗaya ya ɓalle,
takobinsa bai fi tsinken sakace ba.
Harshen wutar da aka sassaƙa a bayansa
ya koɗe, ya koma ruwan ƙasa.

Na ce a'uzu billahi.
Sallau, yaron shago, ya ja da baya har ya taka ƙusa.

Ɗanliti ya ce: Wai gadi yake yi.
Wai kakanta ya sassaƙa shi
shekarar da ruwa ya ci garinsu.
Ya tsare ƙofa uku, ya hau jirgi biyu,
sai da ya zo Bompai gara ta same shi.

Dariya ta taso mini har maƙogwaro.
Mai gadi, an ci shi ta ƙafa!
Na haɗiye ta,
don na ga hannun tsohuwar yana rawa a bakin tawul,
irin rawar hannun Inna
ranar da muka rushe zauren gidanmu na Yakasai,
ta kafe sai an ciro mata layar saman ƙofa,
ƙullin fata baƙi ƙirin, ba wanda ya san cikinsa.
Ni, da sabon karatuna, na ce a cinna masa ashana.
Ta dube ni kawai.
Shekara goma sha tara, kallon bai sauka ba.

Na ce wa Ɗanliti: Gaya mata,
ba na sassaƙa gunki, ba na gyara masa fuska.
Gabas na sani, ita nake fuskanta sau biyar.
Amma gara, tun ina ɗan koyo muke gaba,
duk inda na gan ta sai mun raba raini.

Na ɗaga shi. Shafal. Ciki duk rami.
Ƙamshinsa ba na maɗaci ba ne, ba na doka ba,
turare ne na shekara tamanin
da hayaƙin wani madafi
da ƙafata ba za ta taɓa takawa ba.
Na ɗura magani da sirinji, rami bayan rami,
na kwaɓa garin katako da gam na toshe,
na yanka masa mazauni da ƙirya,
icen da gara ke barin haƙoranta a jikinsa.

Hannun da ya ɓalle kuwa, na tura mata shi da kwalbar:
wannan naki ne.
Ta manna shi da kanta, a ɗan karkace,
tana hura masa iska
kamar mai shayar da yaro kunu mai zafi.
Ta faɗi wata kalma. Ɗanliti bai fassara ba.
Ya ce shi ma iyakar jinsa ke nan.

Na karɓi kuɗin ƙirya da na magani.
Na aikin hannu na mayar cikin tawul.
Sallau na ɗingishi yana cewa mun ci haram.
Malamin layinmu ya ce in yi istigfari.
Na yi, ɗari, ban rage ba.

Da dare, da aka ɗauke wuta,
na jawo akwatin Inna daga ƙarƙashin gado.
Layar na nan, tsakanin zane biyu na saƙi.
Ban farke ta ba.
Ban rataye ta ba.
Na dai kifa akwatin, na haska fitilar waya,
ina bin gindinsa da farce
ko gara ta fara.