Ruwan Ƙwarya

Tun da aka kafa injin ƙanƙara
bayan katangarmu a Geben Zogi,
barci ya zama baƙo mai sauri.
Ba ƙara yake yi ba.
Da dare sai gyare, sai jakin maƙwabta,
sai ni, ido biyu, ina ƙirga azara,
gabana na faɗuwa
ba a aiko da rasuwar kowa ba.

Inna ta ce iska ne, ta turara hano.
Na sha rubutu allo uku,
na sake matashi, na juya gado.

A asibiti likita Zulaha
ta manna mini wayoyi a ka.
Takarda ta fito da layuka,
tudu, kwari, tudu, kwari,
kamar kunyar da yaro ya koyi noma a kanta.
Ta ce akwai amon da ke bi ta ƙasa,
don nauyinsa kunne ke barin sa ya wuce,
ƙashi ya karɓa,
ƙwaƙwalwa ta kwana gadi
tana jiran abin da ba ta san sunansa ba.
Ta ce wataƙila.
Likita ba ta rantsuwa.

Wanda ya rantse Tankari ne,
wana, kurma, mai ɗinkin takalma.
Tsakar dare ya ja hannuna,
ya dire ƙwarya cike da ruwa a daɓe,
ya haska tocila.
Ruwan na ɓari.
Zobe cikin zobe cikin zobe,
ba iska, ba wanda ya taɓa.
Ya nuna ƙwaryar, ya ƙwanƙwasa goshina,
ya yi dariyar nan tasa ta maƙogwaro.

Shekara arba'in ina fassara masa duniya da yatsu.
Ashe motocin albasa
tun suna nesa kan hanyar Ƙonni
tafin ƙafarsa ke gaishe su,
ashe hadari kan yi masa sallama a haƙarƙari
kafin mu ga walƙiya.

Shekaranjiya injin ya mutu.
Yaran ƙanƙara suka koma da kula wayam,
Tawa ta sha ruwan ɗumi tana tsaki,
ni kuwa na yi barci har na makara asuba.

Da na fito na iske Tankari
durƙushe gindin katanga,
tafin hannu shimfiɗe a ƙasa,
yana lalube, yana matsawa gaba kaɗan,
kamar wanda aka daina yi wa magana
ba a faɗa masa laifinsa ba.