Da Rana Ko Da Dare

Takardar da ofishin Marwa ya aiko mini
tambaya arba'in da biyu ce, kowace da ɗan akwatinta.
Na ɗaure ta a bayan babur da tsohuwar roba,
na bi gaɓar Logon cikin Kusiri,
unguwar da ruwan bara ya ja wa katangu layi
daidai ƙirjin babban mutum.

Tambaya ta ɗaya: mutum nawa ne a gidan nan?
Ya Falmata ta ajiye faifai, ta kaɗe zane.
"Da rana kike nufi, ko da dare?
Da rana mu bakwai ne.
In aka yi isha'i mukan kai sha uku,
ban da Gaji,
wadda ƙamshin miya kaɗai ke haifa mana ita."

An ce matambayi ba ya ɓata.
Ni na ɓata tun a tambayar farko.

Ta biyu: wane ne mai gida?
"Yana ƙetaren gada, yana dakon siminti a Njamena.
In ya aiko, ya aiko."
Sai ta jawo zaren wuyanta,
makullin ɗakin hatsi na lilo a jikinsa.
"Rubuta wannan, in akwatinki zai ɗauka."

Na tambayi katifa, na tambayi gidan sauro,
na tambayi nisan famfo, da yawan awaki,
da ko an ci nama a makon jiya.
Duk tsawon lokacin wani yaro na bakin randa
yana lissafi a ƙasa da tsinke,
ya rubuta, ya share da diddige.
Abakura.
Shi ne na biyu a ajinsu,
amma ba zai zauna jarrabawa ba:
ba shi da takardar haihuwa.
A littafin hukuma
har yau uwarsa ba ta yi naƙudarsa ba.

Na bincika arba'in da biyun nan kaf,
babu wadda ta san da shi.
Sai na kifa takardar,
na rubuta sunansa a farin bayanta.

Sau huɗu muka je kotu.
Ranar farko magatakarda ya tafi jana'iza.
Ta biyu, babu wuta.
Ta uku aka ce shaidu biyu,
da likita ya duba haƙoransa
kamar ɗan maraƙi a kasuwar Alhamis.
Ta huɗu na goyo Inna Dudu ungozoma,
ta riƙe ƙuguna tana salati a kowane rami.
Ta ce wa alƙali,
"Ni na yanke cibiyarsa,
shekarar da tsuntsaye suka cinye masakwa,
kwana tara bayan layya.
Kuka ya yi kamar ana bin sa bashi."
Alƙali ya rufe baki da hannu.
Hatimi ya sauka: ƙwas.

Yaron ya riƙe takardar da yatsu biyu
kamar mai ɗauke garwashi,
ya karanta sunansa sau uku
don ya tabbata shi ɗin ne.

A rahoton da na aika Marwa
an samu: gida na sittin da takwas, mutum bakwai,
katifa biyu, famfo da nisa.
Gaskiya ne, iyakar abin da akwati ya ci.
Sauran na cikin wani littafi mai baƙin bango
da nake ɓoyewa a ƙasan jaka,
nan nake koyon tambayar da ba a ba ni ba.

Jiya na koma da magariba,
ba takarda, ba alƙalami.
Ana kwashe tuwo, bandar kifi na tashi a miya.
Ya Falmata ta ƙirga kawuna da ludayi,
ta zo kaina, ba ta tsallake ba.
"Gyara rubutunki, 'yar ofis," in ji ta.
"Yau mu sha huɗu ne.
Sha biyar, ga Gaji can tafe."