Dashe

Ina da shekara tara
komar Baba ta kamo zalɓe a fadamar Baturiya,
matacce, da zoben ƙarfe a ƙafa.
Malam Ilu ya duba, ya ce ba ajami ba ne.
Hedimasta ya juya shi, ya sake juyawa,
ya ce haruffan namu ne, bakin ba namu ba.
Sai wani ma'aikacin gandun daji ya ce, Sifaniyanci.
Baba ya rataye zoben a ƙusa,
kalmar kuma ta rataye a wuyana.

Jami'ar farko, malaminmu ɗaya ne tal.
Shekara biyu muna bin bayansa kamar 'yan agwagi,
ranar da wa'adinsa ya cika ya ɗaure akwati,
aka kulle ajin da mu a waje.

Na ɗauki takardu na nausa kudu,
kwana da yini a bayan motar albasa.
Mai rajista ya baje darussana a tebur
yana tsinta yadda dillali ke tsintar kifi:
wannan mun saya,
wannan ƙarami ne,
wannan ba mu san irinsa ba.
Shekara biyu ta shiga tagar nan,
ɗaya ta fito.

Na zauna a layin baya cikin ƙannen bayana.
Kowa ya riga ya yi aboki,
kowa ya san wane benci ne ke cizon wando.
Sunana bai zauna a bakinsu ba,
sai suka ce Taransifa, na amsa.

Na kira gida da daddare zan ce na gaji.
Baba ya riga ni:
Ka taɓa ganin shinkafar dashe a makon farko?
Rawaya take yi, ta kwanta kamar ta mutu.
Wawa ne ke tuge ta don ya duba saiwa.
Katin ya ƙare kafin in ba shi amsa.

Suna fama da ra mai karkarwa,
ni da ita aka yaye ni.
Amma pa ta ƙi ni ƙiri-ƙiri,
na shekara ina hura ta a tafin hannu
kamar mai tayar da garwashi.
Sannan na fara cin karo da dangi a ƙamus:
alcalde ya yi mini kama da alƙali,
hasta ashe hatta ce ta sauya riga,
azúcar, sukarin shayin Gambo.
Ashe mun taɓa haɗuwa a wata kasuwa
tun ba a haifi kakana ba.

Inna Tasalla ta sayar da banda kwando bakwai,
kachala ta cinye rabin gonarmu,
aka haifi yara uku a gidan, ban ga sunansu ba.

Yau na dawo da kwali a cikin leda
saboda ruwan kwalekwale.
Ba su tambayi kwalin ba.
Baba ya sauko da zoben, ya goge shi da bakin riga,
ya ce, To, karanta.

Sunan wani gari. Wata hukuma. Lamba shida.
Shi ke nan.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
Shekara biyar, Habu, don lamba shida?
Can ya yi shiru.
Ya ce, Wanda ya ɗaura masa, yana can yana jira.
Rubuta musu.
Ka ce tsuntsunsu ya iso lafiya,
ya ci kifinmu, ya sha ruwanmu,
a nan kwanansa ya ƙare.
Ka ce mun yi jinkirin ta'aziyya,
sai da muka aika yaro ya koyo gaisuwa.

Na jawo fitila.
Hannuna bai yi rawa ba.