Daƙiƙa Arba'in na Tata Sabino

Makarantarmu na kan tudu, gefen tafkin Titikaka,
inda sanyi ke riga yara shiga aji.
Kwamfuta ɗaya gare mu, mai tari in ta gaji,
sai wayata mai tsagaggiyar fuska.

Ran Talata muka gangara bakin ruwa
muka ɗauki Tata Sabino yana ɗaure kwalekwalen totora.
Minti arba'in da bakwai.
Grober ne ya riƙe wayar, hannu na karkarwa,
rabin hoton sararin sama, saura hular tsoho.

Masu gasa can La Paz sun gindaya sharaɗi:
minti biyar, megabait hamsin, ko ɗigo kar ya hau.
Namu ya fi ƙarfin intanet ɗin ƙauyen,
wanda sai an zaga bayan coci
an ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Na ce, yara, yau za mu koyi matsewa.
Na zana a allo: ga hoton farko, cikakke.
Na biyu ba ya sake faɗin dutse, ba ya sake faɗin gajimare,
cewa yake, "Kamar ɗazu,
hannu ne kawai ya gusa."
Na'ura marowaciya ce,
ba ta biyan kuɗin abu ɗaya sau biyu.

Nilda ta ce, "Malama Leokadiya, ai chuño ne.
Dankali ya kwana a ƙanƙara, mu tattake shi da ƙafa,
ruwa ya fita, ya ƙanƙance, ya shekara a rumbu.
Ran buƙata a jiƙa, ya tashi."
Na ce, ya dawo yadda yake?
Ta yi shiru. "A'a. Amma ana ƙoshi."
Na goge zanena. Nata ya fi.

Sai yanka, da almakashin da ba ƙarfe.
Muka cire karen da ya gifta,
muka cire atishawar Grober, aji ya ɗauki dariya,
muka cire inda iska ta cinye magana.
Aka tsaya a minti biyar da daƙiƙa arba'in.

Arba'in ɗin nan kuwa, ga su:
tsoho ya saki igiya, ya dubi tafki,
bai ce uffan ba.
Grober ya ce, "Ba abin da ke faruwa, a yanke."
Nilda ta dafe linzamin kwamfuta da hannu biyu.
"Can yake kallo inda ƙaninsa Anselmo ya tafi su.
Kullum nan yake tsayawa."

Na duba lissafin na'ura, na ga abin da ban koyar ba:
tsohon da bai motsa ba kusan kyauta ne,
ruwan bayansa ke cin wuri,
don tafki ba ya zama iri ɗaya sau biyu,
ba a iya ce masa "kamar ɗazu".

Jawabina na buɗewa muka yanke,
wanda na kwana uku ina gyarawa.
Ba wanda ya yi kewarsa. Na lura.

Muka matse, muka sake matsewa.
Arba'in da tara da ɗoriya.
Ya haye bayan coci da magariba,
yatsun Grober sun sandare.

Ran Juma'a Tata Sabino ya hawo tudu da sandarsa,
ya zauna a bencin yara, gwiwa har ƙirji.
Ya kalla har ƙarshe. Ya ce,
"Wa ya jera tubali a kan ruwa?"
Na fara bayani, ya ɗaga hannu.
"Ƙullin ya fito. Mai ido zai koya."

Ya gyara hula, bai tashi ba.
"Nilda, mayar da shi baya kaɗan.
Wurin da na tsaya."