Daren da Aka Ɗauke Wuta a Wad Madani

Wata bakwai ina fama da layi ɗaya.
Da hannuna na haɗa na'urar,
dalma ta ƙone min yatsa har wurin ya daina jin zafi,
amma duk wanda na manna wa wayoyi
sai allo ya cika da kakkarwa,
kamar gari duka na magana ta bakin mutum guda.

Ustaza Intisar ta ce: ba zuciya kike ji ba, Rumasa'u,
wayar bango ce, da fanka, da firjin maƙwabta.
Jikin ɗan Adam kunne ne, kome ya gifta sai ya ɗauka.
Ita kuwa zuciya raɗa take yi.

Ran Alhamis na kai ta gida cikin raksha.
Kawu Mainasara na kan angarib, ya gama shan jabana,
ya ce a gwada a kansa, ai ƙirjin ba na haya ba ne.
Man mannawa ya ƙare tun watan jiya,
sai na jiƙa auduga da ruwan gishiri.
Ya murza ta, ya ce wannan ba ta Jazira ba ce,
tasu ta fi tsawon gashi.

Ɗaya a wuyan hannun dama, ɗaya a hagu,
ɗaya a idon sawu, sama da kaushi.
Allo ya yi halinsa.

Sai aka ɗauke wuta.

Fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Unguwa tsit, har ana jin kwaɗin bakin Nilu.
Batir ya riƙe. Layi ya kwanta
kamar ruwan da ya kwana a tulu,
sannan ɗan tudu, tsini, gangare,
wani tudun mai faɗi, sai a sake.

"Ni ne wannan?"
Kai ne, Kawu, wutar jikinka ce.
Ya yi dariya har layin ya yi tsalle:
"Ashe da lantarki a cikina muke ta sayen kyandir!"

Na ce ya natsu. Na ƙirga.
Sha ɗaya daidai, takun wanda ya san hanya.
Na sha biyun ya zo tun ba a kira shi ba,
bayansa fili, dogo,
wanda na riƙe numfashina a cikinsa.
Ya dawo. Sha ɗaya kuma. Fili kuma.

Ni ba likita ba ce. Waya na sani, da dalma.
Wataƙila audugar ce ta bushe.

"Me ya rubuta?"
Na ce sai asibiti su karanta, Asabar zan raka ka.
Ya ce Asabar akwai ban ruwa.

Wuta ta dawo, yara suka kaure da ihu a lungu,
gari ya sake hawa kan layin, ya rufe shi.
Na cire wayoyin ɗaya-ɗaya.
Gishiri ya bar farin zobe a wuyan hannunsa,
yana kankarewa da farce
yana tambaya ko akwai sauran jabana.