Littafin Biya

Ni ke riƙe da littafin biya
a rumbun riɗin Alhaji Dafa'allah,
bayan tashar manyan motoci, nan Gadarif.
Suna ɗari biyu da goma sha huɗu,
kowa da layinsa,
na haddace su ba da niyya ba.

Ran Alhamis, da sakaliyar la'asar,
sai su jeru a bakin tagata.
Hajo ce kan gaba,
ƙurar riɗi a gira, rariya a hammata,
shekara sha tara tana tankaɗe.
Na miƙa mata dami mai kauri, ɗaure da roba,
ta jinjina shi a tafi, ta yi dariya:
"Akawu, kuɗin nan sun fi
kisirar da za su saya nauyi."
Ba ni da amsa.
Na ce ta dangwala yatsa.

Sai Cindo ɗan dako.
Buhu tamanin ya ɗora wa mota jiya,
kafaɗarsa ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi.
Abin da na ƙirga masa, gawayi ne,
sukari rabin kilo, man gyaɗa a leda,
maganin tarin yarinya in mai kanti ya yi rangwame.
Ana ruwa, ƙasa na shanyewa.
Kafin Litinin zai dawo tagar nan
ya ci makon da bai zo ba tukuna.

Akwai shafin ƙarshe.
Suna uku ne a kansa:
manaja, injiniya,
da mai magana da masu saye na ƙetare.
Ba sa bin layi, nasu ta waya yake shiga.
In zan rubuta adadinsu sai na matse hannu
don sifiri ya sami wurin zama.
Uku.
Hannu ɗaya ya ƙirga su,
yatsu biyu sun yi saura.

Ba hassada nake ba, Allah ya gani.
Na dai leƙa littafin matatar mai,
na tambayi akawun kasuwar hatsi,
kowa shafin ƙarshensa siriri ne
kamar inuwar turke da tsakar rana.

Hajo ta sayar da awarwaronta,
ta kai Nafi'u karatu Madani.
Ya dawo da takarda mai tambarin zinariya,
aka sa ta a gilashi, aka rataye,
shi kuwa ya hau keken haya mai ƙafa uku.
Ta taɓa tambayata a hankali, kada layi ya ji:
"Ta wace ƙofa ake shiga shafin nan naka?"

Watan jiya injiniya ya haɗa kaya, sai Jidda.
Na ja layi a kan sunansa. Saura biyu.
Inji ya tsaya kwana shida,
aka kira Nafi'u, ya kwance shi, ya ɗaure,
ya tashi yana ruri kamar sabo.
Hajo ta raba dabino har ga direbobi.
Na buɗe shafin ƙarshe, na gyara alƙalami,
Alhaji ya dafa littafin:
"A'a. Sa shi shafi na tara."
Shafi na tara, ƙarƙashin Cindo.
Da hannuna na rubuta.

Motoci na fita da magariba, sun nufi teku,
an ce riɗinmu har kan burodin wasu ƙasashe.
Cindo ya bi su da ido, ya tofar:
"Kura da shan bugu."
Bai ƙarasa ba, kowa ya san saura.

Ni ma ina ciki, layi na ɗari biyu da sha ɗaya.
In na rufe taga sai in biya kaina,
in lashi yatsa, in ƙirga sau biyu,
ko takarda ɗaya ta manne da wata.
Ba ta taɓa mannewa ba.