Ido Ɗaya Bai Isa Ba

A kan tudun Atacama, inda numfashi ke da tsada,
Rosaura Ayavire na goye da tulun iska,
shayin koka ya huce a gefen allo.
A waje fararen faya-fayan ƙarfe sun ɗaga kai tare
kamar garken lama da ya ji motsi.

Daren nan wani garin taurari take bi,
maƙwabcinmu ne, in ji masana,
ko da yake hasken da ya iso yau
ya kamo hanya tun ba a haƙa rijiya ko ɗaya a duniya ba.

Da hasken ido, curin auduga ne kawai,
da baƙar ɗamara a ƙugu.
Ta buɗe hoton zafi, na zangon da ke ƙasan ja,
sai ɗamarar ta kama ci kamar garwashi.
Ashe ɗakin haihuwa ne,
jarirai dubu kwance cikin ƙura.
Can gaba da shuɗi, samarin taurari ne,
masu ƙone gadonsu tun kafin furfura.
Rediyo kuwa sanyi yake saurare,
hayaƙin da bai zama kowa ba tukuna.

Saura ɗaya.
Nan yatsanta ya tsaya.

Ta san wannan hasken tun a asibitin Calama,
ranar da likita ya kara hoton ƙirjin babanta a fitila:
shekara ashirin da shida na ramin tagulla
sun yi fari fat tsakanin haƙarƙari.
Mutumin da ta ɗauka dutse ne,
mai amsa gaisuwa da haɓa,
ashe tattalin numfashi yake yi.

Ta danna.
Tsakiyar garin ta haska, tana tafasa.
Ta ɗora hotuna biyar kan juna, a hankali,
kamar mai jera zannuwa a akwati.

Da asuba motar ta gangaro Toconao.
Tsoho Evaristo na zaune gindin ɓaure, da bargo a gwiwa.
"Me kika gano?"
"Ƙura, Baba. Amma akwai wuta a ciki."
Ya yi dariya, tari ya karɓe.
Ta ɗora tafin hannu a bayansa,
ta rufe ido,
ta daɗe tana duba shi da wannan hasken.